Mutuwar da Ake Shakka a Kanta: Tambayoyi da Amsoshi kan Wajibin Hukuma na Yin Bincike

Yawancin tambayoyin nan a zaman makoki ake fara yin su, cikin raɗa, bayan an dawo daga maƙabarta. Wanda ya yi wankan gawa ya ja wan mamaci gefe ya ce ya ga shatin igiya a wuyan hannu. Wani dattijo ya ce a bar maganar, mai aukuwa ta riga ta auku. Daga nan sai a watse da abin a ciki. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa ne, kuma dokar Najeriya na fi dogara da ita. Inda maganar ta shafi Nijar na faɗa. Dokokin jihohi suna da ɗan bambanci, don haka wanda abin ya shafa ya nemi lauyan jiharsa.

Wace irin mutuwa ce dole sai hukuma ta bincika?

Ba kowace mutuwa ba. Tsohon da ya daɗe yana jinya ya cika a gaban iyalinsa, babu abin bincike. Wadda ake magana a kai ita ce mutuwar da akwai dalilin zaton ba ta Allah da Annabi ba ce, kamar yadda muke faɗa. Iri uku ne manya: wanda jami'in gwamnati ya kashe ko ake zargin da hannunsa, wanda ya mutu yana tsare, ko a bayan kanta, ko gidan gyaran hali, ko barikin soja, ko wani wurin da hukuma ta ajiye shi ba da son ransa ba, sai wanda wasu mutane suka kashe, ko aka tsinci gawarsa ba a san sanadi ba. Wanda jami'ai suka ɗauke aka daina jin ɗuriyarsa, shi ma ya shiga lissafi ko da ba a ga gawa ba.

Ba a bukatar iyali su zo da tabbaci. Zato mai tushe ya isa. Tabbacin ai shi binciken zai nemo.

A ina aka rubuta cewa wajibi ne? Ko dai alfarma ce gwamnati ke yi?

Tushen shi ne haƙƙin rayuwa. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar da shi. Haka sashe na 4 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'umma ta 1981, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida, wato ana iya kafa hujja da ita a gaban babbar kotun jiha. Sai sashe na 6 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993.

Wanda ya buɗe waɗannan sassa ba zai ga kalmar "bincike" ɓaro-ɓaro ba. Kotuna ne suka fito da ita, kuma hujjarsu mai sauƙi ce: in an ce kada a kashe mutum, amma in an kashe shi babu mai tambaya, to haƙƙin ya zama rubutu a takarda kawai. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta faɗi haka a 1988 a shari'ar wani ɗalibi da ya ɓace a Honduras. Ta Turai ta faɗa a 1995, a kan mutum uku da sojojin Birtaniya suka harbe a Jibralta. Hukumar Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Banjul ta fitar da cikakken bayani a 2015, kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da nasa a 2018. Duk bakinsu ya zo ɗaya: ƙin yin bincike, shi kansa take haƙƙin rayuwa ne, ko da ba gwamnati ce ta yi kisan ba.

Akwai wani abu a sashe na 33 da ya kamata a sani. Ya yi togaciya ga kisan da ya faru wajen kare kai ko dukiya, ko wajen kama mai laifi ko hana shi tserewa, ko wajen kwantar da tarzoma. Jami'ai sukan fake da wannan. Amma faɗar "ɗan fashi ne, musayar wuta aka yi" ba ta wanke kowa. Bincike ne zai nuna ko togaciyar ta hau.

Mu mun riga mun bar wa Allah. Shin wannan bai rufe maganar ba?

Wannan ce tambayar da na fi ji, kuma ita ta fi nauyi. Barin abu ga Allah tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, babu mai shiga. Amma wajibin bincike ba a wuyan iyali yake ba, balle su sauke shi. A wuyan hukuma yake, kuma da zarar labari ya kai gare ta dole ta motsa da kanta, ko an kai ƙara ko ba a kai ba. Uban da ya ce ya yafe, nasa haƙƙin ya yafe. Bai yafe na yaron maƙwabta ba, wanda gobe za a kulle a ɗakin nan, a hannun mutanen nan.

Kuma addini bai mayar da tawakkali dalilin barin jini ya zuba a banza ba. Lokacin da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahal a Khaibar ba a san wanda ya kashe shi ba, Manzon Allah (SAW) bai ce a je a yi haƙuri ba. Ya saurari dangi, ya gabatar musu da hanyar rantsuwa, da abin bai yiwu ba ya biya diyyar raƙuma ɗari da kansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa ma ba ya tafiya haka nan: bulala ɗari da ɗaurin shekara suna kansa. Wato ko a fiƙihu, yafiyar dangi ba ta share haƙƙin jama'a.

A ganina, sau da yawa "mun bar wa Allah" ba tawakkali ba ne tsantsa. Gajiya ce da tsoro, da sanin cewa talaka ba ya ja da mai kaki. Ban ga laifin wanda ya faɗe ta ba. Laifin na jami'in da ya ji ta ya rufe fayil ne.

Ba jami'in gwamnati ne ya yi kisan ba. Duk da haka akwai ruwan hukuma?

Akwai. 'Yan bindiga, 'yan daba, mijin da ake zargi, taron da ya yanke hukunci a titi, duk ɗaya ne. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyarsu ta komawa Kano, ba jami'ai suka kashe su ba, amma nemo masu hannu da gurfanar da su bashi ne a kan gwamnati. In kuma an sanar da hukuma barazanar tun kafin ta faru ta yi ko oho, to wannan sakacin ma abin bincike ne.

Me ake nufi da bincike mai inganci? Ai sun ce suna bincike.

"Muna kan bincike" ba bincike ba ne. Ma'aunin da duniya ta fi amfani da shi shi ne Ƙa'idar Minesota, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1991 aka sabunta ta a 2016. Abin da take nema shi ne a fara da gaggawa. A bi kowace hanya har ƙarshenta. Masu binciken su kasance ba su da alaƙa da waɗanda ake zargi. Sannan iyali da jama'a su san abin da ake ciki. A aikace, a killace wurin, a ɗauki hoto, a tsince kwanson harsashi, a karɓi bindigogin jami'an da ke wurin a gwada, a raba shaidu a ji kowa shi kaɗai, likita ya duba gawa. Sannan a amsa: wane ne mamacin, me ya kashe shi, yaushe, a ina, wa ya yi, wa ya ba da umarni.

Misalai biyu daga yankinmu sun fi dogon bayani. An harbe ɗan jarida Deyda Hydara a Gambiya a watan Disamba na 2004. Hukumar leƙen asirin ƙasar ce ta karɓi binciken, ba a ma gwada harsasan ba. A 2014 kotun ECOWAS ta ce wannan ba bincike ba ne, ta umarci a biya iyalinsa dala 50,000. Bayan faɗuwar Yahya Jammeh, wani soja ya tsaya gaban hukumar gaskiya ta ƙasar a 2019 ya amsa cewa yana cikin waɗanda suka yi harbin. Ɗan jarida Norbert Zongo na Burkina Faso kuwa, an tsinci gawarsa a ƙone cikin mota tare da mutum uku a watan Disamba na 1998, a lokacin yana bin diddigin mutuwar direban ƙanen shugaban ƙasa. Aka yi ta jan fayil har aka rufe shi a 2006. A 2014 Kotun Afirka da ke Arusha ta ce gwamnati ta gaza, daga baya aka sake buɗe shari'ar.

Wajibin na ƙoƙari ne na gaske, ba alkawarin kama wani ba. Ana iya yin duk abin da ya kamata, mai laifi ya ɓace. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar hanya a buɗe ba a bi ba.

Ɗan'uwanmu ya mutu a tsare. Sun ce ciwo ne ya kama shi. Wa zai kawo hujja?

Su. Wannan shi ne bambancin mutuwa a tsare da sauran. Mutum ya shiga da ƙafarsa, ƙofa a kulle, mabuɗi a hannunsu, babu wanda ya gani sai su da sauran tsararru. Don haka Hukumar Afirka ta ce in mutum ya mutu a hannun hukuma, ana ɗora mata alhaki har sai ta kawo gamsasshen bayani ta hanyar bincike mai zaman kansa. Ƙa'idojin Mandela na 2015 kan kula da fursunoni sun ce a sanar da dangi nan take, a kuma kai rahoton mutuwar ga wata hukuma da ba ta ƙarƙashin masu gidan yarin.

Ko da ciwon gaskiya ne, tambaya ba ta ƙare ba. Yaushe ya fara kuka da jikinsa? An kai shi asibiti? An hana shi maganin da iyali suka kawo? Mutum nawa ne a ɗakin? Mai ciwon suga da aka hana allurarsa kwana uku, ciwo ne ya kashe shi, amma ba ciwo kaɗai ba. In akwai alamar duka ko rataya, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta shigo, kuma a ƙarƙashinta "umarni aka ba ni" ba kariya ba ce.

Me ya kamata mu yi a sa'o'in farko, kafin a yi jana'iza?

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma mu al'adarmu ba ta barin gawa ta kwana. Don haka mutum ɗaya mai natsuwa a cikin dangi ya ɗauki wannan aiki, sauran su ji da makoki.

A ɗauki hoton duk wani rauni kafin wanka, a cikin haske, na nesa da na kusa, a ajiye biro ko kwalin ashana kusa da raunin don a gane girmansa. A duba wuyan hannu, idon sawu, tafin ƙafa, baya, bayan kunne da cikin leɓe, tare da kiyaye al'aura da mutuncin mamaci; ba hoton da za a watsa a Facebook ba ne. Tufafin da ya mutu da su kada a wanke, a shanya su bushe a naɗe a takarda ko ambulan, don leda tana sa su ruɓe. Mai wanka shaida ne, a rubuta abin da ya gani a ranar. A rubuta ranar da aka kama shi, lokaci, lambar mota, sunayen da ke ƙirjin jami'ai, da waɗanda aka tsare tare da shi, domin in aka sake su sai su bazu. In akwai kyamara a shago ko gidan mai na kusa a yi hanzarin neman hoton, na'urar tana goge na baya.

Abu mafi muhimmanci: kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba. Na taɓa zama da wani magidanci da aka ce masa ba za a ba shi gawar ƙanensa ba sai ya dangwala hannu. Rana ta yi zafi, mutane na jira a ƙofar gida da makara, ya dangwala. Daga baya aka karanta masa: wai ya amince ƙanen nasa dama yana da ciwon farfaɗiya, kuma iyali ba su da wani ƙorafi. Takarda irin wannan ba ta soke wajibin hukuma ba, amma ta ba shi wahala ƙwarai.

Binciken gawa bai saɓa wa addini ba? Ba ma so a yanka shi.

Damuwar a wurinta take, domin alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce. Amma manyan majalisun fatawa sun duba wannan. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta fiɗar gawa don binciken laifi tun 1976, bisa cewa maslahar gano mai kisa da wanke wanda ba shi da laifi ta rinjayi ɓarnar. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, amma ya gaya masa dukkan yadda abin yake.

Aikin kansa sa'o'i kaɗan ne. Abin da ke jawo kwanaki shi ne takardu da ƙarancin likitocin fannin, waɗanda galibi sai a asibitocin koyarwa ake samunsu. Iyali suna iya neman a gaggauta saboda addini, kuma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1989 sun ba su damar kawo likitansu ya tsaya a wurin. A nemi kwafin rahoton. Takardar shaidar mutuwa da aka rubuta "zuciya ta tsaya" ba ta faɗi komai ba, kowane mamaci zuciyarsa tsayawa take yi.

Mun riga mun binne. Shi ke nan?

A'a. Karaya a ƙashi, ramin harsashi a ƙoƙon kai da wasu nau'o'in guba suna daɗewa, kuma alƙali yana da ikon ba da umarnin tono gawa. Shari'ar matasa shida na Apo, wata unguwa a Abuja, shaida ce. 'Yan sanda sun kashe su a Abuja a watan Yuni na 2005, suka ce 'yan fashi ne, aka binne su. Jama'a suka tayar da ƙura, gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin shari'a, aka tono gawarwakin, labarin fashin ya rushe. A watan Maris na 2017 babbar kotun Abuja ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Kusan shekara 12 aka yi, kuma iyalan ba su gamsu da sallamar ba, amma ba don tonon ba da ko nan ba a kai ba.

Ko ba a tono ba, hotuna, tufafi, shaidu da littafin caji ofis suna nan. Duba amsar da ke kan sa'o'in farko. A dai yi wa kabarin alama.

Wane ne alƙalin binciken mutuwa, kuma me ya sa ba mu taɓa jin labarinsa ba?

Lauyoyi suna ce masa korona, ba cutar nan ba. Yawanci majistare ne da aka ba ƙarin aiki: ya zauna a bainar jama'a, ya kira shaidu, ya sa a duba gawa, ya faɗi wane ne ya mutu da yadda ya mutu. Ba ya ɗaure kowa, sai dai bincikensa ya zama matakalar gurfanarwa. Dokar tana nan a jihohin Arewa tun gadon Turawa, kuma mutuwa a tsare tana cikin waɗanda ta ce dole a zauna a kansu. Legas ta sabunta tata a 2007 kuma tana amfani da ita: bayan ruftawar ginin masaukin baƙi na cocin Synagogue a 2014, inda mutum 116 suka mutu, irin wannan alƙali ne ya zauna ya ba da shawarar a gurfanar da masu hannu.

A Arewa kuwa dokar barci take yi, saboda ba a saba nema ba. Lauya zai iya rubuta wa babban majistare ko babban jojin jiha ya nemi a zauna. A Nijar tsarin daban ne: mai shigar da ƙara na gwamnati ne ke buɗe bincike ta hannun 'yan sanda ko jandarmomi, manyan laifuka su tafi wurin alƙali mai bincike, iyali kuma su shiga shari'ar a matsayin waɗanda aka cuta.

An ce mu kawo kuɗin mai da kuɗin fayil. Dole ne?

Babu dokar da ta ɗora wa iyalin mamaci kuɗin binciken kisa. Kowa ya san ana nema, kowa kuma ya san ofisoshi da yawa ba su da man mota. Amma rashin kuɗi matsalar gwamnati ce, ba hujjar rufe fayil ba. In kun biya don dole, ku rubuta nawa, ga wa, yaushe. Zai yi amfani in aka kai ga ƙorafi.

Yaya za a yi 'yan sanda su binciki 'yan sanda, ko soja su binciki soja?

An ba kura ajiyar nama ke nan, shi ya sa 'yancin masu bincike yake cikin sharuɗɗa. Mafi ƙaranci, ofishin da abin ya faru ba shi zai binciki kansa ba. A rubuta wa kwamishinan 'yan sanda a nemi a mayar da fayil sashen binciken manyan laifuka na jiha, ko ofishin shiyya, ko hedikwata. A aika kwafi ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ke da ikon ladabtar da kowane ɗan sanda ban da Sufeto Janar. Kowace takarda a kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a ɗaya a dawo da ita gida. Sauya wa jami'i wurin aiki ko korarsa ba su maye gurbin shari'ar kisa ba.

Na soja ya fi wuya, don sukan ce harkar tsaro ce. Sai dai wajibin ba ya faɗuwa saboda ana yaƙi. Lokacin da jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023, ya kashe aƙalla mutum 85, rundunar sojin ƙasa ta amsa cewa kuskurenta ne. Amsawar mataki ne. Abin da haƙƙin rayuwa ke nema bayan nan shi ne a san wa ya duba hoton, wa ya ba da izini, me aka gyara, kuma a gaya wa mutanen garin.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Wannan ya wadatar?

Kwamiti yana iya fito da gaskiyar da 'yan sanda ba za su fito da ita ba. A gaban kwamitin shari'a na Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ne wani babban jami'in gwamnatin Kaduna ya faɗi cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya bayan rikicin sojoji da mabiya Harkar Musulunci a Zariya a watan Disamba na 2015. Rahoton ya ɗora wa ƙungiyar nata laifin, ya kuma ce sojoji sun wuce gona da iri, a hukunta masu hannu. Shekaru bayan haka ƙungiyoyin kare haƙƙi suna ta tambayar ina gurfanarwar. Kwamitin Oputa, wanda ya binciki take haƙƙin ɗan Adam a zamanin mulkin soja, ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020 jihohi da dama sun kafa nasu, an biya wasu diyya, gurfanarwa ta yi ƙaranci.

Kwamiti shawara yake bayarwa, gwamnati ta fitar da farar takarda, wato takardar matsayarta, ta zaɓi shawarar da take so. In aka tsaya a nan, shiru kake ji, malam ya ci shirwa, to wajibin yana nan ba a sauke ba.

An kawo mana kuɗi da buhunan shinkafa an ce a yi sulhu. In mun karɓa mun sayar da jinin?

Ba ku sayar ba. Diyya haƙƙinku ce, marayu kuma sai sun ci abinci. Amma ita da bincike abubuwa biyu ne, ɗaya ba ya biyan ɗaya, kamar yadda aka yi bayani a amsar barin abu ga Allah. Abin lura shi ne takardar da ke biyo bayan kuɗin. In ta ce kun janye ƙorafi, ku kai wa lauya kafin biro ya taɓa ta.

Sun ƙi yin komai. Ina za mu nufa?

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofisoshi a jihohi kuma ba a biyan kuɗin shigar da koke. Gyaran dokarta na 2010 ya ba ta ikon kiran shaidu da yanke diyya. Ta yi amfani da shi a kan mutum takwas, galibi masu tuƙa Keke Napep, da jami'an tsaro suka harbe a wani kango a Apo a watan Satumba na 2013 da sunan 'yan Boko Haram ne. A 2014 hukumar ta ce babu hujjar haka, ta yanke diyyar naira miliyan 135 ga iyalan mamatan da waɗanda suka ji rauni.

Sai kotu. Sashe na 46 na tsarin mulki ya buɗe ƙofar babbar kotu, ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙi kuma sun sauƙaƙa hanya, har ƙungiya tana iya shigar da ƙara a madadin iyali. A da wasu alƙalai sukan ce haƙƙin rayuwa ya mutu tare da mai shi, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince dangi su nema. Ana iya roƙon kotu ta tilasta wa 'yan sanda yin bincike, a rubuta wa Antoni Janar na jiha, ko a nemi takardu ta dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumomi kwana bakwai su amsa. Marar hali ya je Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi.

Kotun ECOWAS a Abuja take, kuma ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida ba. Gwamnati ake kai wa ƙara a can, ba jami'i ba, kuma gwamnatoci suna jan ƙafa wajen bin hukuncinta. Kotun Afirka ta Arusha ba ta karɓar ƙara kai tsaye daga ɗan Najeriya, domin ƙasar ba ta ba da wannan izini ba. Gana ta bayar.

Shekaru sun wuce, ko an yi wa masu laifin afuwa. Akwai sauran magana?

Laifin kisa ba ya tsufa a dokar Najeriya, ƙa'idojin 2009 kuma sun ce ƙarar neman haƙƙi ba ta da wa'adi. Abin da ke tsufa shaidu ne: wani ya mutu, wani ya ƙaura, wani ya manta. Ɗan jarida Dele Giwa, da bam a cikin wasiƙa ya kashe a Legas a 1986, da Bola Ige, da aka harbe a gidansa na Ibadan a 2001 yana ministan shari'a, har yau ba a hukunta kowa a kan kisansu ba, kuma wajibin yana nan a kan gwamnati. In sabuwar shaida ta fito, dole a sake buɗe fayil.

Afuwa ma ba ta toshe bakin iyali. An harbe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin sama na Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, waɗanda suka karɓi mulki suka kira abin hatsari, aka kuma sa afuwa a cikin tsarin mulki. Kotunan Nijar suka yi ta mayar da iyalinsa saboda wannan afuwa. A 2015 kotun ECOWAS ta ce an tauye musu haƙƙin samun shari'a, ta umarci gwamnati ta biya su diyya. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, don haka wanda yake can yanzu ya fara tambayar lauya wace ƙofa ce ta rage a buɗe kafin ya kashe kuɗin mota.